Kular da Na Ƙi Ɗauka a Gujungu

Assalamu alaikum, 'yan uwana da ke bibiyata a shafin nan. Na san na yi shiru, na kuma ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta rubuto wai ko an ɗaura ne ba a gayyace ku ba. Ba a ɗaura ba, 'yar uwa. Kano muka je. Ku gyara zama, yau sai na juye muku duk abin da na ƙunso daga can.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, sunana Zulfa, 'yar Haɗeja ce ni, ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a nan cikin gari. Akwai wani bawan Allah, Abdulmannan, manomin shinkafa daga Auyo, ɗan aminin Babanmu, da ya daɗe yana zirya ƙofar gidanmu. Ba wanda ya ce mini dole sai shi. Abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Zulfa, ba a ajiye ɗan mutane a bakin zaure kamar takalmi. Ko i ko a'a, ina son in ji daga bakinki kafin a gama yankan shinkafa."

Ni kuwa ba ni da i, ba ni da a'a. Zuciyar da za ta ba da amsar na baro ta a Kano tun ranar da na gama jami'a.

A can ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sashenmu. Wayyo, rayuwa! Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin katakon dandamalin nan da zafin fitilun a goshina. Muna gwaji a gindin wata bishiyar darbejiya har muryoyinmu su dushe, mu haɗa kai mu ci awarar wata mata a takarda ɗaya. A shekararmu ta ƙarshe muka shirya wasa a kan wata mata, Mairo, wadda ambaliya ta cinye wa gida. Ni na fito a Mairo, ni kuma na rubuta maganarta mafi nauyi, don ba ƙirƙira na yi ba. Ina ƙarama ruwa ya shigo unguwarmu ya narkar da ɗakin Kaka Fanna, mahaifiyar Baba, ya bar ƙofar ita kaɗai a tsaye da kwaɗonta a kulle. Kaka ta tsaya cikin ruwa har gwiwa, mabuɗi a hannunta, ta ce, "Ga mabuɗi, ga ƙofa. To ina zan shiga?"

Wanda ya ba da umarnin wasan shi ne Khalid. Ɗan Kano, dogo, mai yawan dariya, mai kallon mutum kamar babu kowa a duniya sai shi. Bai taɓa cewa yana sona ba, wannan gaskiya zan faɗa muku. Amma ranar da muka gama wasan, ina bayan labule ina goge hoda, ya ce, "Zulfa, sai na zo Haɗeja na ga ƙofar nan da idona." A kan wannan 'yar maganar na zauna shekarun nan. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai na leƙa. Saƙonninsa suka ragu, suka ragu, har suka koma hoton masallaci da "barka da Juma'a" irin wanda ake tura wa kowa. Ni kuma ina amsawa da amin mai tsawo kamar ni kaɗai aka tura wa.

Rannan ina gyaran takardun ɗalibai wayata ta yi ƙara. Saƙon Khalid ne.

"Zulfa 'yar gari! Za mu maimaita wasan Mairo ranar Asabar da rana, a zaurenmu na da. Ki zo don Allah. Zan ajiye miki kujeru."

Na karanta har wayar ta mutu a hannuna na kunna na sake karantawa. Niyyata in je ni kaɗai, in kalli idonsa in san matsayina. Da na je neman izini sai Baba ya ajiye rediyonsa ya ce, "Wasan nan da kika ishe mu da labarinsa? Wancan karon ruwa ya tare hanya ban je ba. Wannan karon da ni, da uwarki, da Kaka."

Kafin in buɗe baki Umma ta riga ta fara tunanin abin da za a dafa. A ganinta biki za mu. Ta ciro leshinta ruwan zuma da ba ta sa shi sai suna ko ɗaurin aure, ta turara shi. Kaka Fanna ta sa aka yi mata lalle, ta naɗa lafayarta shuɗiya, ta bulbula humra har kajin gidan suna atishawa. Ni kuwa na gwada kaya na cire, na gwada na cire, na ƙare da wata atamfa kore da mayafi ruwan toka, saboda Khalid ya taɓa cewa kore yana yi mini kyau. Kun ga irin wautar da nake ciki.

Motar Baba ta daɗe a wurin makaniki. Ban san wa ya kai labari Auyo ba, sai ga Abdulmannan da motarsa da sassafe, shadda fara ƙal, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa.

Baba ya ce, "Kai da shinkafarka ta nuna, tsuntsayen jan-baki na sauka a fadama, za ka bar gona?"

"Ƙannena suna can, Baba. Yini ɗaya ne."

Kaka ta leƙo ta tagar mota. "Mijin nawa, tashi haka nan kar ka ɓata shaddar. Ka tuƙa a hankali, matarka ta gaskiya ce a baya, ba wannan mai kumburin fuskar ba."

Ya yi murmushi kansa a ƙasa. Haka ya tuƙa mu, Baba a gefensa, bayansa a miƙe kamar ɗalibi a gaban allo. Muka ratsa fadama, ruwa na ƙyalli a tsakanin gonaki, balbelu sun yi fari a kan jinga, wani mutum yana tura kwalekwale da gora shi kaɗai. Kowa na hira, ni ina manne da gilashi ina duba waya. Na tura, "Mun taso." Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta fito ba.

A Gujungu Kaka ta ce cikinta ya fara kiran sunanta. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa, Umma ta buɗe kuloli: shinkafa da wake, mai da yaji, soyayyar karfasa, ga zoɓo mai sanyi. Shinkafar ma daga gonar Abdulmannan aka kawo mana ita. Baba ya ce, "Bismillah, Abdulmannan."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake. Bari in duba taya."

Tayar da babu abin da ya same ta. Kun san halin namu: wanda ke neman 'yarku ko zai faɗi don yunwa ba zai kai loma baki a gabanku ba. Umma ta cika ƙaramar kula, ta ɗora kan kifin a sama, ta turo mini da gwiwar hannu.

"Kai masa can bayan mota ya ci a kaɗaice. Na tabbata ko karyawa bai yi ba."

Na kalli kular, na kalli Baba da ke wanke hannu yana yi kamar ba ya ji. Na san abin da ake nufi. Duk zuwan da yake yi gidanmu, ko ruwa ban taɓa kai masa da hannuna ba. In na ɗauki kular nan a gaban Baba na kai masa, na ba da amsa ke nan, ba sai na furta ba. Sai na tsiri gyaran mayafi, na ce hannuna da mai.

Umma ta dube ni. Ta rufe kular ta tura ta ƙarƙashin kujerar baya.

Muka wuce Gezawa, muka shiga hayaniyar Kano. Da muka isa ƙofar jami'a na shiga nuna wurare ba tare da an tambaye ni ba. "Can ne ɗakin kwananmu. Nan muke tsallakawa in mun makara." Duk inda na nuna sai Abdulmannan ya rage gudu, ko da ana danna masa oda daga baya. Amma da muka zo inda darbejiyarmu take, babu ita. Shagon cajin waya ne a wurin. Mai awara ma babu. 'Yan matan da ke wucewa duk yara ne a idona, suna dariyar abubuwan da ban sani ba, ko ɗaya ba ta waiwayo ba. Mai gadin zauren, wanda da yake ce mini Mairo yana tsokanata, ya karɓi sunana ya ce, "Hajiya, bi ta nan."

Hajiya. Ni.

Tikitin da aka ajiye mana masu lamba ne. Kujerar Abdulmannan ta faɗo daidai gefen ta Umma, kafaɗa da kafaɗa. Ya kalli lambar, ya sosa ƙeya, ya ce ai gara wani ya tsaya wurin mota.

Kaka ta ce, "Yawwa. Kuma kar ka gusa ko nan da can, in ƙafata ta motsa fitowa zan yi."

Bai kai ga juyawa ba, a bakin ƙofa na hango Khalid. Ya ƙara jiki, ya tara gemu, wayoyi biyu a hannunsa. Ƙafafuna suka tsaya da kansu.

"Kai, kai, kai! Manyan baƙi!" Ya durƙusa ya gai da su Baba da fara'a, sannan ya jawo wata siririyar yarinya da aka riga aka yi wa kwalliyar Mairo, zane a ƙirji, ɗankwali a karkace, yadda nake ɗaurawa. "Zo ki ga wadda ta fara yin Mairo. Zulfa ke nan, 'yar Gumel ɗin nan da nake ba ku labari."

Baba ya yi gyaran murya. Kaka ta buɗe baki, Umma ta taɓa ta. Ni kuwa murmushi na yi, na ce wa yarinyar Allah ya ba da sa'a. Kafin in ƙara kalma an kira shi daga ciki, ya ce, "Ina zuwa, ina zuwa," ya ɓace.

Gumel. 'Yan uwa, mutumin da zai zo ya ga ƙofa bai ma riƙe sunan garin ba.

Aka kashe fitilu, aka ɗaga labule. Aka jawo wani dogon shuɗin yadi ana kaɗa shi daga gefe da gefe.

Kaka ta ce da ƙarfi, "Wai wannan zanen shi ne kogin? Allah ya ba mu irinsa, mu ninke mu sa a adaka."

Na gaba da mu suka yi dariya. Ni addu'a nake yi, Allah ya yafe mini, yarinyar nan ta yi tuntuɓe, ko muryarta ta shaƙe, ko ta manta magana, don a tuna da ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta iya. Wallahi ta iya. Da aka zo wurin ƙofar, ta tsaya ita kaɗai a cikin hasken, ta ɗaga mabuɗi, ta yi shiru mai tsawo irin wanda ni ban taɓa samun ƙarfin halin yi ba, sannan ta ce a hankali, "Ga mabuɗi, ga ƙofa. To ina zan shiga?"

Zauren ya yi tsit. Wata mata a bayana ta ja majina.

"La ilaha! Ai ƙofata ce!" in ji Kaka. Aka ce mata shiii daga ko'ina. Ta koma ta jingina, na ga tana share ido da gefen lafaya.

Baba ya sunkuyo kunnena. "Yaushe za a kira ki sama?"

Na kasa ce masa ba za a kira ni ba. Maganar da na ɗauko daga bakin kakata tana nan da ranta, tana sa mutane kuka, kuma ba ta buƙatata. Zaure cike da jama'a, ga uwata ga ubana a gefena, ban taɓa jin ni kaɗai ce a duniya irin lokacin ba. Hawaye suka zubo, na bar su, tunda duhu ne.

To ga abin da ban zata ba. A tsakiyar kukan nan, ina tausayin kaina iya tausayi, sai wani tunani ya faɗo mini wanda ba shi da haɗi da dandamali: mutumin nan fa har yanzu bai karya ba. Na kore shi. Ya dawo. Rana ta yi nisa, shagunan abinci suna can bakin titi, Kaka ta ce kar ya gusa, kuma na san shi, ba zai gusa ba. Kular tana ƙarƙashin kujera, na kuma san ko za ta kwana ba zai buɗe abin da ba a miƙa masa ba.

Na ce wa Umma ina zuwa.

Hasken waje ya kashe mini ido. Yana zaune a kan darduma a 'yar inuwar motar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana waya: "Ku ƙara buga gwangwanin ta gabas, ta nan tsuntsayen suke sauka." Da ya gan ni ya katse, ya mayar da hular, ya miƙe.

"An tashi ne, Malama?"

"A'a."

"Kin yi kuka."

"Fitilun ne."

Na buɗe ƙofar baya, na jawo kular, har yanzu da ɗan ɗuminta. Na durƙusa na ajiye a bakin dardumar da hannu biyu.

"Bismillah, Malam."

Ya daɗe yana kallonta. Leɓensa ya bushe har ya yi fari, amma hannunsa bai motsa ba.

"Malama Zulfa, zan yi magana, ki yi haƙuri. Na ga yadda kika tsaya ɗazu da kika hango mutumin can. Ni manomi ne, amma ina da ido. In don an ɓata miki rai a ciki ne kika kawo, mayar da ita inda take. Yunwar yini ba ta kashe mutum. Amma in na ci abincin nan daga hannunki, iyayena zan tura. Ba na son ki wayi gari a Auyo kina tsanar ranar yau."

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ciro. Khalid.

"Na leƙo kujerarki ba kya nan. Kar ki tafi in an tashi. Akwai sabon wasa da nake so mu rubuta tare, kamar da. Babu mai rubutu irin naki, Zulfa."

Kamar da. Ku da kuke karanta ni tun farko kun san shekara nawa na yi ina jiran kalmomin nan. Na ga darbejiya, na ga takardar awara, na ga kaina a cikin hasken nan. Daga cikin zauren aka fara kiɗan ƙarshen wasa, kiɗan da ƙafata ta haddace.

Na kife wayar a kan murfin mota.

"Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. An ɓata mini rai, kuma har yanzu yana ciwo. Ban san ranar da zai daina ba. Amma ba shi ya fito da ni ba. Ina can ina kukan kaina, na kasa kukan da kyau, saboda na san kana nan ba ka ci komai ba. Ban san sunan wannan abin ba. Shi dai ya taso ni."

Ya kawar da kai, ya kalli taya, wannan tayar dai ta Gujungu.

"Na so in shiga," ya ce can ƙasa. "Ban taɓa ganin wasan dandamali ba. Na so in ga inda kike tsayawa."

Tun safe ba wanda ya tambayi inda nake tsayawa.

Na zauna a gefen dardumar, nesa kaɗan. Na buɗe kular. Ni da ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba don kunya, na gutsuri kifin na sa a bakina, ina taunawa hawaye na gangarowa.

"Ga shi na fara. Saura kai."

Ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya yi bismillah, ya ɗebo loma. Ta kusa kai baki ke nan muka ji gyaran murya.

Baba ne, ya biyo sawuna. Abdulmannan ya zabura zai miƙe, shinkafa a hannu, ya rasa inda zai kai ta. Baba ya kalli kular a buɗe. Ya kalli man kifi a yatsuna. Ya kalle ni, kallo mai tsawo, yana tambaya da ido. Na sunkuyar da kai, ban janye daga dardumar ba.

Sai Baba ya juya mana baya. Ya goya hannuwansa, ya tsaya yana nazarin wani bango da babu komai a jikinsa.

"Ni ban ga kowa a nan ba," ya ce wa bangon. "Wanda yake da abin ci ya ci. Hanyar Haɗeja da nisa."

Tafi ya ɓarke a cikin zauren, mai ƙarfi, har da fito, irin wanda aka taɓa yi mini. Wayata ta sake yin ƙara a kan murfin mota, ta yi ta gaji. Ƙirjina ya yi zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban waiwaya ba. Na tura masa kan kifin gabansa, na tashi in ɗebo masa ruwa.